Zoben da Ke Ƙarƙashin Buzu

Tun da na dawo daga ƙasar Haɗeja ban sha shayi da daɗin rai ba. Da na zauna a bencin mai shayinmu na Fagge sai wani ya matso ya ce, "Habu, wai da gaske ne motarka ta yi iyo?" Mota ba ta yi iyo ba. Ni ne na yi, kuma ban iya ba. Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, duk wanda ya ɗauka kuma sai ya ƙara masa gishiri, jiya ma na ji an ce kada ne ya ja mu. To ga shi na rubuta da ɗan bokon da na koya a ajin yamma. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura, a bar ni in sha shayina.

Ni direba ne a ofishin likitan dabbobi, kuma ni ke gyaran motar da nake ja. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika fadamu, aka bugo waya cewa annobar bushiya ta faɗa wa shanu gabas da Guri. Wanda bai taɓa ganin bushiya ba ya gode wa Allah: saniya ta fara hawaye da zawo, bayan 'yan kwanaki sai fata. Wani Bafulatani, Arɗo Buba, ruwa ya tsare shi da garkensa a kan wani tudu, ba gaba ba baya, shanun suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Akwai allurar da ke kare waɗanda ba su kamu ba, amma ba ta son zafi. A cikin ƙanƙara ake binne kwalabenta, a rufe da dusar katako a akwati. Baturen ofis ya ɗora hannu a kan akwatin ya ce kwana uku ƙanƙarar za ta yi. In ta narke kafin mu isa, ruwan banza muka kai.

Mu uku muka tashi da mota biyu. Akwai Malam Sule mai yin allura, mutum ne da ba ya magana sai ta zama dole. Akwai Kofur Mamman, Bazazzage, wanda ya ja mota a yaƙin Bama can ƙetaren teku, kuma ba ya bari a manta. Shi ke riƙe da tsohuwar jif ta soja, ya ɗauko man fetur da igiyoyi. Sai ni da Gajera, wata 'yar koriyar mota da aka kawo daga Ingila bayan yaƙi. A bayanta aka ɗora akwatin maganin, ni na ɗaure shi da hannuna.

Dole in yi muku bayanin motocin nan, don a kansu labarin yake. Duk biyun da taya huɗu suke ja, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Kowace tana da wani ƙaramin akwati a bayan akwatin giya, shi ke raba ƙarfin injin tsakanin tayoyin baya da na gaba. A jif direba ne ke ba da umarni. Ban da sandar giya, akwai gajerun sanduna biyu a ƙasa: ɗaya ta kira tayoyin gaba su shigo aiki, ɗaya ta sa giyar ƙarfi, wadda mota ke rarrafe da ita amma ba abin da ke tsayar da ita. Gajera kuwa sandar giyar ƙarfi kaɗai gare ta. Tayoyinta na gaba ba sa jiran kira. Da na baya sun fara zamewa sai su kama da kansu, hanya ta yi kyau su saki. Aibinta ɗaya ne: wannan wayon nata na tafiya gaba ne kawai. In aka sa ribas, tayoyin gaba sai su naɗe hannu, sai fa in an ja wani zoben ƙarfe da ke ƙasa, kusa da ƙafar direba. Baturen da ya kawo ta ya nuna min zoben sau ɗaya, ni kaɗai. Washegari na kawo buzu daga gida na shimfiɗa a kansa.

Duk mai sana'a ya san dalili. Maƙeri ba ya shayar da ƙarfe a gaban baƙo, marini ba ya faɗin abin da yake zuba wa karofinsa. Direbobi da yawa a ofis, sabuwar mota ɗaya. Mutum biyu sun gwada ta, suka kafe a taɓo suka kasa yin baya, suka dawo suna cewa tana da aljanu, Habu kaɗai take ji. Ban ƙaryata su ba. Muddin zoben na ƙarƙashin buzu, Gajera tawa ce.

Mun bar Kano da sassafe. Kwalta ta ƙare tun ba mu yi nisa ba, bayan Ringim muka haɗu da taɓon farko. Na hango Kofur ya sunkuya ya ja sandarsa, ni ko ban taɓa komai ba, muka fita tare. A iyakar ƙasar Haɗeja muka tarar da shingen damina a rufe. An yi ruwa da asuba, kuma doka ce ba a bin hanyar marmara sai rana ta busar da ita. Mai gadin wani dattijo ne mai rama. Malam Sule ya miƙa masa takardar ofis, ya ƙi ko karɓa.

"Malam, takarda ba ta busar da hanya," in ji shi. "Mene ne a akwatin da ba zai iya jiran azahar ba?"

Malam Sule ya ɗan ɗaga murfin, ya kama hannun dattijon ya cusa cikin dusar. Tsoho ya fizge hannu kamar ya taɓa kunama.

"Wannan wuta ce ko ruwa?"

"Ruwa ne, Baba, amma yana gudu. In ya ƙare, shanun Arɗo Buba sun ƙare."

Dattijo ya je ya ɗaga itacen shingen da kansa. Ya ce shi ma yana da 'yar karsana a hannun Fulani, mu tafi Allah ya kiyaye hanya.

Daga nan hanya ta yi tauri. Ina bin Kofur a baya ina jin tayoyinsa suna kuka a kowace kwana, na san bai sauke tayoyin gaba ba. Na yi ta danna masa oda, yana ɗaga min hannu wai gaisuwa. Ai kuwa muna isa Kaugama ya zo mayar da sandar, ta ƙi motsi. Abin da ke faruwa shi ne, a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya. A taɓo ɗaya ya zame ya yafe wa ɗaya, amma a kan marmara ba mai sassauta wa wani, sai ƙarafan ciki su murɗe. Da an ƙara tafiya da wani abu ya karye. Na sa jak na ɗaga tayar gaba ɗaya. Tana barin ƙasa ta juya da kanta, fir, ta watsa tsakuwa, Kofur ya yi tsalle baya har hularsa ta faɗi, masu tallan rake suka kwashe da dariya. Sandar ta koma da yatsa ɗaya.

"A Bama ba mu taɓa sauke ta ba," in ji shi yana kakkaɓe hula.

"A Bama akwai marmara, Kofur?"

"Akwai harsashi, ɗan Kano. Kai a lokacin kana cin gurasa."

Na bar masa, don Bazazzage ko an kayar da shi a kasuwa sai ya ce sunkuyawa ya yi.

Mun shiga Haɗeja bayan la'asar, muka sauka gidan wani fatoma mai saukar baƙi kusa da kasuwa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. A wurinmu kifi baƙo ne, sai mutum ya yi wata bai gan shi ba. Can kuwa da safe kifi, da rana kifi, in ka ce ka ƙoshi su kawo maka banda ka riƙa taunawa. Suna sa shi ta wannan gefen baki, ƙayar tana fita ta wancan, ba su daina hira ba. Na gwada yin haka, ƙaya ta tsaya min a maƙogwaro, sai da fatoma ya sa na haɗiye lomar tuwo ba tauna. Kofur ya ce alhakin hularsa ne.

A gidan muka tarar da mota ta uku, ta wani mai awon gyaɗa. Ƙanwar Gajera ce, daga baya aka ƙera ta, kuma ba ta da zobe. Wani ƙulli ne rawaya, a danna shi ƙasa tayoyin gaba su shigo. Sai sanda mai jan kai, a ja ta baya a sami giyar ƙarfi da taya huɗu a lokaci ɗaya, gaba ko baya duk ɗaya. Raina ya biya, ba zan ɓoye ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne direban, wani ɗan garin, yadda ya buɗe ƙofa yana nuna wa kowa, har ya bar Kofur ya danna da hannunsa. Na ce a raina wannan ba zai daɗe a kujerarsa ba. Muka yi ta musu har magariba. Kofur ya ce motar da ba ta jiran umarni ba soja ba ce. Ni na ce motar da sai an tuna mata aikinta ita ce ta kusa karyewa a Kaugama.

"To kai taka, in za ta yi baya a taɓo, yaya take yi?" in ji Kofur.

"Lallashinta nake yi."

Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce Bakano ko sallama zai yi sai ya rage wata a aljihu.

Akwatin maganin yana da 'yar ƙofa a gindi inda ake tsiyaye ruwan da ya narke. Washegari da safe Malam Sule ya tara kwano, ya cika har ya zuba. Ya jiƙa buhuna ya ƙara lulluɓe akwatin. Fatoma ya haɗa mu da wani masunci Babarbare, Maina, wanda zai koma gida Guri. Kakanninsa daga bakin tafkin Chadi suka zo, kuma ya san fadamar nan kamar tsakar gidansa.

Daga Haɗeja zuwa Guri ba hanya ba ce, shawara ce. Maina ya dubi ciyawa ya ce nan yashi ne a ƙasa, can laka ce, mu bi yadda ya ce. A ranar jif ta nuna kanta, gaskiya ɗaya ce. Kofur ya ja sandunansa biyu, tana gurnani tana ratsa laka kamar ba ita ce ta ba mu kunya jiya ba. Gajera ma ba ta bar ni ba. Sau biyu na shiga inda sai an yi baya, sau biyu na sunkuya kamar ina gyara takalmi, na zura hannu ƙarƙashin buzu na ja zoben.

A hanyar ne na ga abin da ban taɓa gani ba: mutane kwance rub da ciki a kan manyan gorunan duma, suna yawo a kan ruwa, suna tuƙi da hannu da ƙafa. In sun kama kifi su jefa shi ta bakin gorar. Mu a Kano gora ta fura ce, su kuwa ita ce dokinsu. A Guri muka sauka wurin Bulama, wato abin da mu muke ce wa dagaci. Masauƙin a sama yake, wani gado mai dogayen ƙafafu da suke kira rudu, ana hura hayaƙi a ƙarƙashinsa saboda sauro. Na tashi da safe ina warin banda, amma ba inda sauro ya taɓa ni.

A tafiyar jiya Maina ya hau jif rabin yini, ya hau Gajera rabin yini, kuma shi ya fi kowa gane bambancinsu, shi da bai taɓa riƙe sitiyari ba.

"Motan Kofur kwalekwale ne mai mutum biyu," in ji shi, "na gaba ba ya sa sanda a ruwa sai an ce masa. Naka kuwa na gaban mai hankali ne, da ya ji na baya ya zame sai ya kama. Amma direba, na lura in za a koma baya ƙafanka yakan yi ƙaiƙayi."

Na tambaye shi sunan wani tsuntsu da ke wucewa.

Safiya ta uku ruwan da aka tsiyaye bai kai rabin kwano ba. Na yi murna, sai Malam Sule ya ce ba abin murna ba ne, abin narkewar ne ya kusa ƙarewa. Muka tashi ba karin kumallo, Maina ya ce sai ya raka mu har tudun Arɗo. Kafin hantsi jif ta faɗa wani kududdufi, ruwa ya jiƙa fulogi, ta mutu. Ba lokacin busarwa. Muka bar ta a nan, muka cusu cikin Gajera mu huɗu.

Rana ta kusa tsaka muka hango tudun Arɗo, ungulu na shawagi a kansa. Tsakaninmu da shi wani rafi ne mai ɗan faɗi. Maina ya ce akwai mashigin shanu mai yashi a ƙasa, amma sai an laluba da ƙafa. Na tsayar da Gajera a bakin gaɓa, hancinta na kallon ruwa, na ja birkin hannu. Na tuɓe riga na bi Maina, don ni na san iyakar ruwan da take iya sha. Muna tsakiya na kauce hagu kaɗan, sai na ji ba ƙasa. Wannan shi ne iyon da ake ba ku labari. Na sha ruwa na ƙoshi, Maina ya kamo ni ta wuyan wando ya jefa ni gaɓar can.

Ina tari ke nan na ji muryar Malam Sule, shi da ba ya ɗaga murya. Na waiga. Ashe ruwa ya cinye ƙarƙashin gaɓar da na ajiye motar. Ƙasa tana tsagewa, hancin Gajera yana sunkuyawa a hankali zuwa wuri mai zurfi. Malam Sule ya haye baya yana kokawa da igiyar akwatin, amma ɗaurina ne, ga shi ya jiƙe, ba ya kwantuwa. Kofur bai tsaya tunani ba. Ya faɗa kujerata, ya tayar da injin, ya sa giyar ƙarfi, ya sa ribas. Tayoyin baya suka hau juyawa a banza suna watsa laka, don duk nauyin ya koma gaba. Tayoyin gaba kuwa, waɗanda ke kan ƙasa sosai, ko motsi. Ina hango hannunsa yana lalube a ƙasa.

"Habu! Ina sandar gaba? Ina take?"

Zan faɗi gaskiya ko da za ku yi min dariya. Na yi shiru na tsawon numfashi ɗaya. Ga Fulani sun taru a bayana, ga masunta a kan gorunansu, ga Kofur wanda in ya sani duk ofis ya sani. A cikin numfashin nan na ga Gajera a hannun wani. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Sai na ji wata saniya ta yi kuka a bayana, kuka marar ƙarfi, na buɗe baki da duk abin da ya rage min na iska.

"Kofur! Ɗaga buzun! Akwai zobe a ƙasa! Taka kuloci ka ja shi sama!"

Buzu ya tashi sama ya faɗa ruwa. Na ga kafaɗarsa ta sunkuya, ta ɗago. Injin ya canza murya. Tayoyin gaba suka ciji ƙasa, Gajera ta girgiza, ta ja da baya taku ɗaya, ta ƙara, ta fita fit. Ba ta gama tsayawa ba gaɓar ta rufta cikin ruwa, daidai inda take tsaye.

Kofur ya sauko, ya ƙame, ya sara wa motar. Maina ya riga ya gano mashigin, ɗan sama kaɗan, ya dawo da ni riƙe da hannu. Na zauna a kujerata jiƙe sharkaf, na sa giyar ƙarfi, muka ratsa ruwan yana lasar ƙofa. Ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Na yi alfahari da ita a ranar fiye da kullum, kuma ban ɓoye ba.

Da Malam Sule ya buɗe akwatin a gindin wata tsamiya, ya tona dusar, ƙanƙarar da ta rage ba ta fi ƙwan zabo biyu ba. Amma kwalaben da sanyinsu. Ya ce alhamdu lillahi, ya naɗe hannun riga. Arɗo Buba dogon tsoho ne, idanunsa sun faɗa don rashin barci. Maina ya tare shi da wasan Barebari da Fulani, wai ga ubangidansa ya kawo masa ceto, tsohon ko murmushi bai iya yi ba. Ya shiga garke ya jawo wata jar saniya da kansa, ya ce daga tsatson shanun mahaifinsa ita kaɗai ta rage, a fara da ita. Ya riƙe kunnenta yana yi mata magana da Fillanci har allurar ta shiga. Muka yi ta kamu, ni da Kofur da makiyaya, har rana ta yi sanyi. Waɗanda suka riga suka kamu ba yadda za a yi da su. Sauran duk an yi musu.

Wani masunci ya tsamo buzun ya kawo min yana ɗiga. Arɗo ya shanya shi a kan ƙaya, da za mu tafi ya miƙo min. Na ce, "Ranka ya daɗe, riƙe shi. Ba ni da abin rufewa kuma."

A hanyar dawowa, bayan mun busar da jif, na jira Kofur ya fara yi min tsiya. Bai yi ba. Sai da muka hango ganuwar Kano, muka tsaya shan ruwa, ya ce, "Sirrinka ne, ɗan Kano. A bakina ba za a ji ba." Na san da gaske yake. Amma na riga na ji yadda numfashin nan ɗaya yake, ba na son wani direba ya tsaya a bakin gaɓa yana lalube saboda ni. Ranar Litinin na tara direbobin ofis duka, na buɗe ƙofar Gajera, na sa kowa ya ja zoben da hannunsa. Waɗanda suka ce tana da aljanu ba su yi min magana ba har kwana biyu.

Yanzu kowa na jan ta. Yau ma tana hanyar Kazaure a hannun wani, shi ya sa na sami zaman yin rubutu, kuma ba zan ce abin ba ya ɗan sosa min rai ba. Amma shekaranjiya wani Bafulatani ya zo ƙofar ofis da ƙwaryar man shanu, yana tambayar direban da bai iya iyo ba. Ya ce Arɗo Buba yana gaishe ni. Ya ce jar saniya ta haihu, mace, kuma a kan buzun nan tsohon yake salla.